Ranar Da Mama Ta Shiga Teku Da Rigar Girki

Kafin ku fara yi min faɗa a ƙasan rubutun nan kamar yadda kuka saba, bari in faɗi laifina da bakina: na yi fashin zuwa teku. Kwana biyu cur, Alhamis da Juma'a. Ni da na cika muku baki cewa ko sama da ƙasa za su haɗu ba zan ƙara sakin awata ɗaya ba, sai ga shi na sake ta a kan gashin kai.

Waɗanda suka shigo yau, sunana Jucilene, amma ban da Mama in ranta ya ɓaci babu mai kirana haka, Juci ake ce min. Shekarata ashirin da bakwai. A unguwar Mucuripe aka haife ni, layi biyar ne tsakanin ƙofarmu da bakin teku, kuma shekara bakwai ke nan ina ɗinka kayan wankan teku a wata masana'anta, amma ban taɓa saka ko ɗaya a jikina ba sai bana. Tun da Baba ya rasu na zama jakin gidan. In tashi in kankare wa Mama kwakwar da take zubawa a wainar rogon da take sayarwa a ƙofar gida, in tafi aiki, in dawo in yi wanki, in raba faɗan ƙanwata Gleice da saurayinta, in kwanta da waya a hannu ina amsa saƙon duk wanda ya ga dama.

A watan Maris ne, cikin bas, a hanyar aiki, numfashina ya sarƙe. Ƙirjina ya dinga dukan tara-tara, yatsuna suka sandare, na tabbata mutuwa ce ta zo ɗaukata a gaban mutane da kular abincina a cinya. A asibitin unguwa likitar, wata siririyar mata mai tabarau, ta gama aune-aunenta ta ce, "Zuciyarki lafiyarta ƙalau. Fargaba ce ta yi miki yawa. Jikinki ya gaji da roƙonki, shi ne ya koma yi miki ihu." Ta rubuta min wata 'yar ƙwaya ta kullum safe, ta haɗa ni da mai ba da shawara duk bayan sati biyu. Har na kai ƙofa ta ce, "Jucilene, cikin awa ashirin da huɗu, wace ce taki?"

Na lissafa su ɗaya bayan ɗaya. Babu.

To daga nan awata ta samo asali. Ƙarfe biyar da rabi, gari ya waye tas, in sha ruwa in haɗiye ƙwayata, in jefa waya cikin durowa, in gangara bakin teku. A can akwai wasu tsofaffin mata su tara da suke shiga ruwa kullum, ko ana ruwan sama. Shugabarsu Dona Creuza (Dona a wurinmu kamar a ce Uwargida ne), shekara saba'in da huɗu, ta ƙarar da ƙuruciyarta tana gyaran kifi a kasuwa, tafin hannunta kamar dutsen goge ƙafa. An cire mata nono ɗaya a aiki, ta ce tun daga ranar take iyo a karkace, in ba a kula da ita ba sai ta zagayo inda ta taso. Ita ta koya min kwanciya a kan ruwa. Ranar farko da ta tallafo bayana ta ji yadda na ƙame, ta ƙwala wa sauran kira, "Ku zo ku ga ikon Allah, katakon da yake nutsewa!" Shi ke nan suna ya bi ni. Katako.

In na dawo in yi wanka in ci dambun masarata a zaune. A zaune fa, masu karatu, a kan kujera, da cokali. Da can a tsaye nake cusa shi ina neman takalmi. Abin ba shi da yawa, na sani. Amma wata biyar ban ƙara faɗuwa a bas ba.

Sai Elinaldo, wanda nake kira Naldo.

Mai gyaran firiji ne da na'urar sanyaya ɗaki. Firijin Mama ya zo gyarawa, ya gama cikin rabin awa, ya yi awa biyu yana neman sukurun da ni na san yana cikin aljihunsa. Dogo ne, mai ɗan rauni a gira, in zai yi dariya sai ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama. Wata takwas ke nan muna tare. Ya san ina zuwa teku, yana tsammanin motsa jiki ne kawai. Ranar Laraba da rana ina kan keken ɗinki saƙonsa ya shigo:

"Na gaya wa Mamana. Lahadi za mu zo cin abincin rana. Ki ce wa Dona Neuma ta shirya, zan zo ɗauke mata abin da ya fi firiji tsada a gidan."

Na rubuta, "Fanka?"

"Fankar ma ta fi ki shiru. Ke dai ki saka rigar nan mai ruwan ƙwai."

Na dinga murmushi har sai da na ɗinka wa wani wando ƙafa a rufe.

Da yamma na gaya wa Mama, wato Dona Neumar da yake nufi. Tana tsaye a gaban murhu da rigar girkinta mai hoton abarba, wadda ta koɗe har abarbar ta koma kamar dankali. Ta yi alamar gicciye, ta rungume ni, ta share ido da bayan hannu. Minti ɗaya ke nan. A na biyu ta zama kwamanda.

"Uwarsa ba ita ce Dona Aurineide mai shagon yadi ba? Wayyo Maryamu. Matar da take gane zanin gado mai araha tun daga bakin titi. Gleice! A sauke labule a wanke. Ke kuma gobe ki je a miƙar miki da wannan gashin, ya yi sumul, kuma kar ki kuskura ya ga ruwan gishiri har sai sun zo sun tafi."

"Mama, ai kin san..."

"Na san me? Kwana huɗu teku zai ƙafe ne?" Ta rage murya, ta kalli taga kamar maƙwabta sun kasa kunne. "Sannan kwalin maganin nan ya bar kan firiji. Maganar likitan ƙwaƙwalwa, maganar faɗuwa a mota, ban yarda ki furta ba. Ba gare ta ba, ba gare shi ba."

"Ba likitan mahaukata ba ce, Mama."

"Je ki gaya wa Aurineide haka. Mutane ba sa tambayar wane iri ne, sunan kawai suke riƙewa. Mu da muka tashi, wa ya san wata fargaba? In ranka ya ɓaci ka ɗauki tsintsiya."

Gleice tana kwance a ragar lilo tana shafa jan farce ta ce, "Ciwon masu gidan bene ne ya ɓace hanya ya shigo layinmu."

Na tashi na sauke kwalin daga kan firiji. Kun san ni da Mama. Kalmar a'a ba ta taɓa fita daga bakina ta nufe ta ba.

Alhamis na zauna awa uku a shagon gyaran gashi, aka ja, aka ƙona, na fito kaina kamar na 'yar tsana. Juma'a ma ban je teku ba, na goge tayil da buroshi, na ci abinci a tsaye. Wayata ta koma kwana a ƙarƙashin matashi. Kuma da ƙarfe uku na ranar Juma'ar, ina tsakiyar ɗinki, na ji abin ya leƙo. Ba sosai ba. Kamar mutum ya ɗora yatsa biyu a maƙogwarona yana cewa, kin tuna da ni? Na shiga banɗaki na jingina da bango ina ƙirga numfashi yadda aka koya min, in ja huɗu in saki shida, har ya janye. Na kalli madubi. Gashi sumul, ido kamar na wadda aka biyo.

Asabar na tashi biyar da kwata. Na saka kayan wankana shuɗi, wanda ni na ɗinka da hannuna, na zura doguwar riga a kai, na rataya tawul. Mama tana zaune a kan benci a tsakar gida, makankari tsakanin ƙafafunta, kwakwa huɗu a fashe.

"Sa min albarka, Mama."

Ba ta amsa ba. Tawul ɗin take kallo.

"Ina za ki?"

"Teku."

"Koma ki ajiye."

Na gyara tawul ɗin a kafaɗata. Na ce, "A'a, Mama."

Hannunta ya tsaya a kan kwakwar. Ko tsuntsayen bishiyar kashun maƙwabta sai da na ji kamar sun yi tsit.

"Jucilene, me kika ce?"

"Na ce a'a. Zan dawo shida da rabi in kankare sauran. In goge duk abin da kika ce. Amma in ban je yau ba, gobe a gaban baƙinki zan faɗi."

Na buɗe ƙofa na fita ba tare da albarkar ba, karo na farko tun da na iya magana. Ban waiwaya ba, amma kafin in kai layi na biyu na ji ƙarar silifas a bayana, fat, fat, fat. Mama ce. Da rigar girkinta, da garin kwakwa a hannu, tana tafe tana faɗa ƙasa-ƙasa don kar layi ya ji.

"Awa uku aka yi ana gyara kan nan. Tsaya nan na ce! Wato tsofaffin banzan nan sun fi ni ke nan?"

Haka muka gangara, ni a gaba ita a baya. Sai da muka tsallaka babban titi na lura faɗan ya yi sanyi. Da ƙafata ta taɓa yashi na juya. Ta tsaya cak a kan siminti, a daidai inda yashin ya fara, kamar an ja mata layi.

Safiyar nan kuwa, ban san yadda zan kwatanta muku ita ba. Ruwan ya kwanta lumui, rana ta ɗago kaɗan ta zuba masa wani launi tsakanin zuma da jan ƙarfe. Jiragen masunta suna can a ɗaure suna gyangyaɗi, biyu sun buɗe fararen ƙyallayensu za su fita. Tsofaffina tara suna tsaye ruwa iya gwiwa, da hulunan roba kala-kala, suna gulmar wani limamin coci.

"Ga Katako! Mun ɗauka an yi kujera da ke!" Dona Creuza ce. Sai ta hango wadda take bayana. Ta kare ido da hannu. Ta fito daga ruwan a hankali, tana ɗiga, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba.

"Neuma? Neuma 'yar Mestre Doca masunci?"

"Ina kwana, Dona Creuza," in ji Mama. "Yarinyata na zo ɗauka."

"Yarinyarki? Wannan katakon ke kika haife shi?" Ta tafa hannu ta juya ga sauran. "Jama'a, kifi ya haifi ƙyauren ɗaki! Ke Juci, wata biyar kina shanye mana rabin teku, ba ki taɓa cewa ke 'yar Neuma ba ce?"

Na ce, "Mama ai ba ta iya ruwa ba. Tsoronsa take ji."

Tsofaffin nan suka kalli juna. Babu wadda ta yi dariya.

Dona Creuza ta nuna min can nesa, jirgi na ƙarshe, wanda da ƙyar nake gane launinsa. "Kin ga wancan? Uwarki tana budurwa, in yayanta Assis ya manta abincinsa, sai ta ɗaura kwanon a ka da ɗankwali ta bi shi da iyo har can. Ta miƙa masa ko ɗigo bai shiga ba. Maza suna barin gyaran koma su tsaya kallo. A duk gaɓar nan babu wanda ya taɓa kamo ta, mace ko namiji."

Assis. Sunan na san shi, yana jikin wani ƙaramin hoto a ɗakin Mama, saurayi mai hular kaba. An ce mana ya rasu kafin a haife mu, shi ke nan abin da aka ce.

"Creuza, ya isa," in ji Mama.

"Shekara talatin da ɗaya, Neuma. Kwana goma sha ɗaya kika yi a zaune a kan yashin nan kina jiran jirginsa, ni nake kawo miki ruwan sha. A rana ta sha biyu kika tashi kika juya baya, ban ƙara ganin ƙafarki a nan ba. Layi biyar!"

"Ina da aiki."

"Mun sani. Duk unguwa ta san kina da aiki."

A take na tuna kabad ɗin kwanukanmu. Tun ina yarinya yake tsaye a jikin taga ɗaya tilo da take kallon teku, ya toshe ta ruf, kuma duk wanda ya ce a matsar da shi sai ya sha faɗa. Ban taɓa tambayar dalili ba.

Dona Creuza ta juyo wurina. Ta kama hannuna ta ce, "Zo, ke. Awarki tana tafiya."

Na tuɓe doguwar rigar na shiga. Ruwan ya kama cinyata da sanyi, ya hau ciki, ya hau ƙirji. Na juya baya na kwanta, na buɗe hannuwa, na bar kaina ya nutse har kunne. Gashin awa uku ya jiƙe cikin daƙiƙa ɗaya. In kunnenka yana cikin ruwa duniya takan yi nisa, ba ka jin komai sai numfashinka da wani ɗan ƙaras-ƙaras na yashi a ƙasa. Sama ta buɗe a kaina, babu iyaka. Yatsun nan biyu da suka kwana a maƙogwarona suka saki ɗaya bayan ɗaya. Ban san minti nawa na yi ba.

Da na miƙe tsaye na share ido, Mama ba ta kan siminti.

Tana bakin ruwa. Silifas ɗinta suna can baya a kan yashi, ɗaya a kife. Ni take kallo, da wani irin kallo da ban taɓa gani a fuskarta ba, kamar ta ga baƙuwa mai kama da 'yarta. Kumfa ta zo ta rufe yatsun ƙafarta ta koma. Ta zo ta koma. Tsofaffin nan tara, masu bakin da ba ya rufuwa, ko tari babu mai yi.

Sai ta tako. Da rigarta, da rigar girkin abarba a kai, da komai. Ruwa iya gwiwa, rigar ta taso ta yi lema a kewayenta. Iya ƙugu. Ta wuce ta gabana ba ta kalle ni ba, leɓenta yana motsi, ban san ko addu'a take ko zagi ba. Da ya kai mata ƙirji ta tsaya, ta ja numfashi, ta miƙa hannu biyu gaba, ta sulale.

Masu karatu, shekara ashirin da bakwai na san matar nan. Na san bayanta a sunkuye a kan murhu, na san kumburin ƙafarta da yamma, na san yadda take cewa wash in za ta tashi daga benci. Ban san wannan ba. Hannu ɗaya ya fito ya yanka ruwan, ɗayan ya biyo, babu fantsama, babu gaggawa, kamar allura tana bin yadi mai santsi. Ruwan yana buɗe mata hanya yana rufewa a bayanta. Ta wuce inda muke tsayawa. Ta wuce jirgi na farko. Wani masunci da yake kwance igiya ya miƙe tsaye, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Kanta ya zama ɗan ɗigo baƙi a cikin hasken nan.

"Za ta iya dawowa?" na ce. "Shekararta hamsin da huɗu, Dona Creuza, ga hawan jini..."

"Rufe baki ki yi kallo, Katako. Ba kullum ake ganin wannan ba." Hawaye ne suke bin kumatunta, ba ta ko share ba.

Mama ba ta kai jirgin ƙarshe ba. A na uku ta tsaya, ta dafa gefensa ta huta, ta daɗe tana kallon inda ruwa ya haɗu da sama. Sannan ta juyo a kwance, da baya, a hankali, fuskarta a sama. Da ta iso inda ƙafa take taɓa ƙasa ta miƙe tana haki, gashinta da ya fara furfura ya kwance a kafaɗa, rigar girkin ta manne mata. Na ruga na riƙe ta. Jikinta yana karkarwa, na ɗauka sanyi ne, ashe kuka take, irin kukan da ba shi da sauti, wanda yake fitowa daga ciki. Ban taɓa ganin kukanta haka ba, ko ranar jana'izar Baba ita ce take zuba wa mutane kofi.

"Ruwan bai canza ba," ta ce a kafaɗata. "Ko kaɗan bai canza ba, marar kunya."

Muka zauna a kan yashi, tawul ɗaya mu biyu. Wata cikin tsofaffin ta miƙo mana kofi a murfin fulas da ɗan gutsuren mazarƙwaila. Mama ta sha, ta kalli hannunta.

"Abin nan da yake kama ki a mota," ta ce, ba ta kalle ni ba. "A nan yake farawa?" Ta taɓa maƙogwaronta.

"Nan ne."

"Hm." Ta juya murfin fulas ɗin a hannunta. "Ni in ya zo sai in wanke tukwane."

Tukwanen gidanmu kuwa kowa ya san su, har fuskarka kake gani a gindinsu.

Na ɗauka shi ke nan an wuce wurin. Ina! Muna hawowa gida, tana tafe tana ɗiga a kan titi mutane suna kallo, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, tunda ɗazu ban amsa ba. Amma maganar gobe tana nan. Ni uwarki ce, na gani da idona. Su ba su gani ba. Ki bari a ɗaura, in ya so daga baya."

Ban ce mata to ba, ban ce a'a ba. Na kankare kwakwar da na yi alkawari. Da azahar na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na danna wayata na yi wa Naldo saƙon murya, minti uku da 'yan kai. Na faɗa masa bas, na faɗa masa ƙwayar, da matar da nake zuwa gani duk sati biyu, da abin da teku yake yi min. Na ce, "Ba na so ka zo gobe neman wata Juci da ba ni ba. In abin ya yi maka nauyi, ka faɗa min, ba zan riƙe ka ba." Na tura kafin tsoro ya dawo.

Minti biyar, alamar ta koma shuɗiya. An saurara.

Shiru. Awa ɗaya. Awa biyu. Da can da tuni na tura saƙo goma ina ba da haƙuri. Na jefa wayar a durowa, na ci shinkafa da wakena a zaune, na fita na taya Mama gyaran kifi. Ina yi ina mamakin kaina, wai ni ce wannan hannuna ba ya rawa.

Wajen ƙarfe shida na duba. Ya rubuto: "Yau na sha wuya, injin wani otal tun safe. Mamana ta yi kek ɗin rogo. Na ƙagu gobe ta yi." Da hoton zuciya uku.

Na karanta sau biyar. Ko kalma ɗaya a kan abin da na faɗa. Na ce ko dai mutumin nan waliyyi ne, ko kuwa bai san me zai ce ba. Kuma ku ji abin mamaki: na yi barci har safe.

Lahadi na je teku na dawo, Mama ba ta hana ni ba, sai ma tambayata da ta yi ko ruwan ya kwanta. Gidan yana ƙamshin kifi da madarar kwakwa, labule sun sha guga, an fito da farantan da ba a taɓa su sai Kirsimeti. Na saka rigata mai ruwan ƙwai, mai ƙananan maɓallai a gaba, da 'yan kunnen kakata. Gashina ya koma yadda Allah ya yi shi, a murɗe, ya tashi kamar gajimare. Gleice ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kin yi kyau, abin haushi."

Sha biyu da minti goma motar aikin Naldo ta tsaya a ƙofa. Ya sauke mahaifiyarsa, ya ɗaga min hannu ta taga, ya wuce neman inda zai ajiye motar, don layinmu ƙunci gare shi.

Dona Aurineide gajeriya ce, da riga ruwan toka mai tsada, da jaka a maƙale a hannu, da tabarau mai sarƙa. Ta gaisa da Mama, ta sumbaci kumatunta biyu, ta ƙi zama. Ba ta kalli labule ba, ba ta kalli faranti ba. Ni ta kalla.

"Ke ce Jucilene."

"Ni ce, Dona Aurineide. Sannu da zuwa."

"Muryarki na riga na sani." Ta gyara jakarta. "Ɗana ya manta wayarsa a shagona jiya tana caji, sai da yamma ya zo ya ɗauka. Na ga sunanki, na danna. Ba zan ce miki kuskure ne ba, ni ba na ƙarya. Na saurara sau uku, sannan na goge."

Ludayin hannun Mama ya bugi bakin tukunya. Ta matso da sauri tana murmushin dole. "Ai yaran yanzu, Dona Aurineide, wasa ne da..." Sai ta kalle ni. Ta haɗiye sauran. Ta goge hannunta a riga ta dawo ta tsaya a gefena, kafaɗarta tana taɓa tawa.

"Shi bai ji ba ke nan," na ce.

"Bai ji ba. Irin wannan magana ba a aika ta a waya kamar odar yadi. In zai ji, ya ji yana kallon idonki. Abin da ni nake gani kuma, sai na ga fuskarsa zan faɗa." Ta cire tabarau ta sake shi a kan ƙirjinta. "Ke za ki faɗa masa, ko ni?"

"A bari dai a ci abinci tukuna," in ji Mama a hankali. "Kifin zai huce."

Na ji takunsa a waje, yana fito, yana gaisa da maƙwabcinmu. Ƙirjina yana bugawa, amma bugun mai rai ne, maƙogwarona a buɗe yake. Na ja huɗu, na saki shida.

Ya shigo da kek a hannu biyu, da farar riga mai sabon guga, gumi a goshi. Ya kalli gashina, ya kalli rigar, ya sunkuyar da kai yana dariyar nan tasa. Sannan ya ɗago ya ga mata uku a tsaye babu mai motsi.

"Lafiya? Wa ya mutu?"

Na karɓi kek ɗin na miƙa wa Gleice. Na jawo kujera biyu, na juya su suna kallon juna.

"Babu wanda ya mutu," na ce. "Zauna, Naldo. Kifin zai jira."